Bindiga a Hannun Mai Gadi: Kariya ko Sabuwar Fitina?

Sashe na 17 na Dokar Kamfanonin Gadi ta 1986 gajere ne, kuma babu kwana-kwana a cikinsa: duk wanda ke aikin gadi a ƙarƙashin kamfani mai lasisi a Najeriya ba zai riƙe bindiga ko harsashi a bakin aikinsa ba. An kafa dokar a zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, har yau kuma tana nan da ranta. Hukumar Sibil Difens, wato NSCDC, ita ke sa ido a kan waɗannan kamfanoni bisa dokar da ta kafa ta a 2003 da gyaran da aka yi mata a 2007. Saboda haka mutumin da ke tsaye a ƙofar banki, ko asibiti, ko makarantar kwana, ko rukunin gidaje, abin da ya mallaka bai wuce kulki da tocila da usur ba, in an yi sa'a da wayar oba-oba.

Duk lokacin da aka kwashe ɗalibai, ko aka shiga wata unguwa aka yi awon gaba da mutane, sai maganar ta sake tasowa a gidajen rediyo da majalisun hira: ina amfanin mai gadin da ko kansa ba ya iya karewa? Wasu masu kamfanonin tsaro sun daɗe suna neman a gyara dokar. Wasu kuma suna cewa ranar da aka yi haka an buɗe ƙofar da ba za ta sake rufuwa ba. Kowane ɓangare ya cancanci a saurare shi da kunnen basira, domin rai uku ne a cikin maganar: na wanda ake gadi, da na mai gadin, da na wanda ya faɗa hannunsa.

Masu son a ba da bindiga sukan fara ne da shekarun dokar. Sun ce an rubuta ta ne lokacin da babban abin da ke hana mai gida barci shi ne ɓarawon da zai hauro katanga ya ɗauke rediyo ko keke, sai kuma ɗan fashin da ke tare hanya. Wanda ya rubuta ta bai taɓa ganin ayarin babura sun ɓullo daga daji, kowane babur da mutum biyu ko uku, kowa rataye da AK-47 ba. A daren 11 ga Disamba 2020 irin waɗannan mutane suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara a Jihar Katsina, suka kora yara fiye da 300 cikin daji. Ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka kwashe 'yan mata 279 a Jangebe ta Jihar Zamfara. A watan Maris na 2024 abin ya faɗa kan Kuriga a Jihar Kaduna, a Nuwamban 2025 kuma Maga a Kebbi da Papiri a Neja. Akwai wani bayani daga daren Ƙanƙara da masu wannan ra'ayi ke riƙewa gam: rundunar 'yan sandan jihar ta ce musayar wutar da jami'anta masu gadin makarantar suka yi da maharan ita ce ta ba ɗalibai da dama zarafin tsallake katanga su tsere. Ko da bindigar ba ta kori maharan ba, ta tsayar da su na ɗan lokaci, kuma a cikin ɗan lokacin nan wasu 'ya'yan mutane suka kuɓuta.

Hujjarsu ta biyu ita ce ƙarancin 'yan sanda. Adadin da hukumomi suka saba ambata bai kai dubu 400 ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200, kuma kaso mai tsoka daga cikinsu yana biye ne da manyan mutane, ana riƙe jaka ana buɗe ƙofar mota. Abin ya kai har a Nuwamban 2025 Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin a janye su daga wannan aiki, mai son rakiya ya je ya nema wurin Sibil Difens. To ka ga, in ji masu hujjar, haramcin nan bai taɓa shafar mai ƙarfi ba. Banki da kamfanin mai da babban attajiri sun daɗe suna biya a turo musu 'yan sandan kwantar da tarzoma. Bindigar ta gwamnati ce, kakin na gwamnati ne, amma ƙofar mutum ɗaya ake tsarewa. Wanda haramcin ya ɗaure shi ne mai ƙaramar makaranta a bayan gari, da mai gidan mai a hanyar Birnin Gwari, da unguwar da ke karo-karo duk wata don biyan masu gadi.

Sun kuma ce jihohi sun riga sun amsa tambayar a aikace. Katsina ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023, Zamfara ta fito da Askarawa a Janairun 2024, an ɗauko matasa daga cikin gari an horar da su an ba su makamai da babura. A Afirka ta Kudu masu gadi masu rajista da ke bakin aiki sun haura rabin miliyan, sun fi 'yan sanda da sojojin ƙasar in an haɗa su, kuma doka ta yarda kamfani ya mallaki bindiga ya ba ma'aikacin da ya ci jarrabawar cancanta.

Amma hujjar da ta fi tsaya mini a rai ita ce haƙƙin mai gadin kansa. Wanda ya ajiye ɗan'uwansa a ƙofar da ya san ana iya shigowa ta cikinta da wuta, ya miƙa masa gora, ya shige ciki ya ja bargo, shin ya sauke nauyin da ke kansa? Mai gadi ne ake fara tararwa. Shi ake ɗaurewa, shi ake sara, shi ake harbewa, sau da yawa ma ba a ambatar sunansa a labarai. Sashe na 33 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya amince a yi amfani da ƙarfi gwargwadon buƙata wajen kare mutum daga farmaki ko kare dukiya, addini ma bai hana mutum kare kansa ba. Yaya za a ce yana da haƙƙin kare ransa, sannan a hana shi abin da zai kare shi da shi? Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma duk wanda ya yi saurin kau da kai daga gare ta bai yi wa masu gadi adalci ba.

Masu adawa ba su musanta ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da suke tambaya shi ne, wa za a miƙa wa bindigar? Tun Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira dubu 70 ne, amma duk wanda ya taɓa zama a bencin masu gadi ya yi hira da su ya san da yawansu ba sa ganin haka a hannu. Mai wurin yana biyan kamfani, kamfani ya yanki kasonsa, abin da ya rage shi ke isa ga mai kaki, wani lokaci sai wata ya yi nisa. Aikin awa goma sha biyu ne, wasu ma sukan haɗa dare da yini saboda wanda zai canje su bai zo ba. Horon da ake yi wa sabon ɗauka a wurare da yawa bai wuce faretin 'yan kwanaki da koyon sara wa oga ba. Mutumin da ke fama da bashin barci da bashin mai shago, a rataya masa abin da kuɗinsa a kasuwar bayan fage ya ninka albashinsa sau da yawa, an jefa shi cikin jarrabawar da bai nema ba.

Suna kuma kawo lissafin da ba shi da daɗin ji. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya nuna makamai 178,459 sun yi ɓatan dabo daga hannun rundunar 'yan sanda zuwa ƙarshen 2018, ciki har da AK-47 guda 88,078. Wannan fa hukuma ce mai rumbun makamai, mai rajista, mai tsarin ladabtarwa. Idan ita ta kasa ba da bahasin nata, ina ga ɗaruruwan kamfanoni, waɗanda wasunsu ofishinsu ɗaki ɗaya ne a saman bene? Daren Ƙanƙaran ma ta wata fuska suke kallonsa. Akwai bindigar gwamnati a ƙofa, a hannun wanda aka horar, duk da haka an tafi da yara sama da 300. Mai gadi ɗaya ko biyu ba za su tare mutum ɗari ba. Abin da zai sauya kawai shi ne maharan za su fara da harbe shi tun daga nesa, su kuma haɗa da bindigarsa cikin ganima. In kuwa aka yi ta ɓarin wuta a tsakar makaranta cikin duhu, harsashi bai san ɗalibi ba. Afirka ta Kudun da ake ba da misali da ita har yanzu tana cikin ƙasashen da kisan kai ya fi yawa a duniya, kuma fashin motocin dakon kuɗi bai tsaya ba duk da masu rakiyarsu suna ɗauke da makamai.

Sai kuma maganar biyayya, wadda a ganina ita ce mafi haɗari. Ɗan sanda, komai lalacewarsa, ƙasa ya yi wa rantsuwa, akwai kuma inda za a kai ƙararsa. Mai gadi kuwa wanda ke biyansa yake yi wa biyayya. Ka ɗauki rikicin fili tsakanin mai kuɗi da mutanen ƙauye, ko ma'aikatan masana'anta da suka taru a bakin ƙofa suna neman haƙƙinsu, ko ranar zaɓe. A ƙasar da 'yan siyasa ke kiwon 'yan daba da 'yan sara-suka, me zai hana mai hali ya yi wa kamfani rajista, ya ɗinka wa yaransa kaki, ya mallaki rundunarsa da lasisin gwamnati? Duniya ta ga inda wannan hanya ke ɓullewa. Ranar 16 ga Satumba 2007 ma'aikatan kamfanin Blackwater na Amurka, suna rakiyar ayarin jami'an ƙasarsu, suka buɗe wuta a dandalin Nisur da ke Bagadaza, fararen hula 17 suka mutu. An kwashe shekaru ana shari'a kafin a ɗaure huɗu daga cikinsu, a Disamban 2020 kuma Shugaba Donald Trump ya yi musu afuwa. Bayan wannan ta'asa ne aka samu Takardar Montreux a 2008, wadda Suwizalan da ƙungiyar Red Cross suka jagoranta, sannan ƙa'idar aiki ta duniya ga kamfanonin tsaro a 2010. Abin da ƙa'idar ta tanada shi ne kada a yi amfani da ƙarfi sai ya zama dole kuma daidai da barazanar, kada a harbi mutum sai don kare rai daga mutuwa ko mummunan rauni da ke gab da aukuwa, wanda aka kama a miƙa shi ga hukuma da wuri, kuma a rubuta rahoton duk abin da ya faru.

Mu 'yan Arewa muna da namu dalilin na taka-tsantsan. A ƙarshen watan Maris na 2025 'yan banga suka tare motar wasu mafarauta a Uromi ta Jihar Edo, sun taso daga Fatakwal za su Kano yin Sallah. An ga bindigogin farauta a motar, aka yi musu ihun masu garkuwa da mutane, aka kashe 16 daga cikinsu. Waɗanda suka tare su ba ma'aikatan kamfani ba ne, amma abin ya nuna me ke faruwa idan wanda aka ba ikon tsayarwa da bincike ya yanke hukunci da harshen mutum da suturarsa. A gida ma ba mu tsira ba: kisan da 'yan sa-kai suka riƙa yi wa Fulani a kasuwanni da rugage a Zamfara yana cikin abin da ya rura wutar da har yau take ci. Ga kuma wata fuskar da ba a cika dubawa ba. Dubban masu gadi a Legas da Ibadan da Fatakwal 'yan Arewa ne. Ranar da ɗaya daga cikinsu ya harbe ɗan gari bisa kuskure, mai sayar da albasa da mai wankin takalmi da ɗan acaɓa ne za su biya.

Sai dai duk wannan ja-in-ja a kan bindiga ya rufe mana ido daga abin da ke faruwa kullum. Mai gadi ya riga yana amfani da ƙarfi, da hannu da kulki da igiya da bulala, kuma ba sai da bindiga ake kisa ba. Ranar 12 ga Oktoba 2010 Jimmy Mubenga, ɗan Angola da ake mayarwa ƙasarsa daga Birtaniya, ya mutu cikin jirgi a filin Heathrow a hannun ma'aikatan kamfanin G4S uku. An sa masa ankwa ta baya yana zaune a kujera, fasinjoji kuma sun ba da shaidar sun ji yana cewa ba ya iya numfashi. Masu binciken musabbabin mutuwa sun ce a 2013 kisa ne ba bisa doka ba, kotu kuma ta wanke mutanen uku a 2014. Ranar 19 ga Nuwamba 2020 masu gadi biyu suka lakaɗa wa João Alberto Freitas duka a kantin Carrefour da ke Porto Alegre a Burazil, suka danne shi har numfashinsa ya ɗauke. Kamfanin Carrefour ya ƙare da amincewa ya biya kuɗin Burazil real miliyan 115. A duka biyun ba a harba ko harsashi ɗaya ba.

Namu salon kowa ya san shi. An kama yaro da waya a kasuwa, ko da guntun rodi a kangon gini. Kafin a ce kwabo an tuɓe masa riga, an ɗaure shi a jikin turken wuta ko an kulle shi a ɗakin gadi, ana duka ana cewa ya faɗi abokan satarsa. Jama'a na taruwa, kowa na kawo nasa hannun. Wani lokaci a sake shi da karaya, wani lokaci gawa ake ɗauka. Doka kuwa ba ta bar wurin shakka ba. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda jihohi irin su Kaduna da Kano suka yi tasu makamanciyarta, ta ba kowane mutum damar kama wanda ya aikata laifi a gabansa, amma ta ce a miƙa shi ga 'yan sanda nan take, ta hana ɗaure shi sai in ana tsoron zai yi faɗa ko zai gudu, ta kuma hana wulaƙanta shi. Ikon mai gadi ke nan, bai fi na kowane mai wucewa ba. Dokar Final Kod ta 1960 ta ce haƙƙin kare kai bai kai ga yin ɓarnar da ta wuce buƙatar kariyar ba, kuma babu shi idan akwai sararin neman hukuma. Kotuna ma ba sa wasa da wannan iyaka. A watan Maris na 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin kisa a kan Sunday Jackson, manomi a Jihar Adamawa, wanda ya ce wani makiyayi ne ya far masa da wuƙa a gona, ya ƙwace ta ya soke shi. Mafi rinjayen alƙalan sun ga cewa da ya ƙwace makamin yana da hanyar tsira ba tare da kisa ba. Ɗaya daga cikinsu ta saɓa musu, hukuncin ya jawo ce-ce-ku-ce, daga baya gwamnan jihar ya yi masa afuwa. Ko mutum ya yarda da hukuncin ko bai yarda ba, ya isa ya nuna cewa mai gadin da ya bugi ɗaurarre har ya mutu ba shi da abin faɗa a gaban alƙali.

Malaman fiƙihu sun riga mu zuwa nan. A babin tunkuɗe mai farmaki sun halatta kare rai da iyali da dukiya, amma sun ce a bi daga mafi sauƙi zuwa mafi tsanani. Idan tsawa za ta kore shi ba a ɗaga sanda, idan sanda ta wadatar ba a zare takobi, idan ya juya da gudu ya bar kayan an gama. Malikiyya ma sun so a fara yi masa gargaɗi matuƙar akwai sarari. Hukunta ɓarawo kuma aikin alƙali ne.

Masu gadi suna da amsarsu, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Za su ce maka: "Malam, in na kai shi caji ofis gobe zan gan shi a bakin titi, ni kuma ya riga ya san fuskata da inda nake kwana." Za su ce: "Ranar da kaya suka ɓata Alhaji ba ya tambayar kowa, daga albashina ake cirewa, in ma ba a ce da ni aka haɗa baki ba." Duka biyun gaskiya ne. Mutumin da aka gaya masa cewa duk abin da ya ɓata a wuyansa yake, dole ya ɗauki ɓarawo a matsayin wanda ya zo cire abinci daga bakin 'ya'yansa. Amma wannan ya nuna inda gyaran yake ne. Dokar Ƙwadago ba ta yarda a yanki albashin ma'aikaci saboda asara ba sai in gangancinsa ko sakacinsa ne ya jawo, kuma sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago. A fiƙihun Malikiyya mai gadi amintacce ne, ba ya lamunin abin da aka sace sai an tabbatar ya yi sakaci. Mai gidan da ke yanke albashi ba bincike yana da kaso a cikin dukan da ake yi a ƙofarsa.

Ɗaya rabin maganar shi ne nauyin kulawa, wato abin da ya wajaba mai gadi ya yi wa mutanen da ke ƙarƙashin idonsa. A nan ma ra'ayi biyu ne. Mai biya yana cewa na ɗauke ka ne ka tsaya, ko da za a mutu. Masu sana'ar kuma suna cewa aikin mai gadi ya gani, ya sanar, ya hana abin da zai iya hanawa, ba a sayi ransa da albashin wata ba. Ina tare da na biyun, amma da sharaɗin a ɗauki gani da sanarwar da muhimmancin da suka cancanta. Ranar 22 ga Mayu 2017 wani ɗan ƙunar baƙin wake ya kashe mutum 22 a babban zauren wasanni na Manchester. Kwamitin binciken da Sir John Saunders ya jagoranta ya gano cewa wani mutum ya lura da maharin da ƙatuwar jakarsa, ya kuma gaya wa ma'aikacin tsaro kusan kwata na awa kafin tashin bam ɗin. Ma'aikatan biyu da maganar ta isa gare su matasa ne 'yan shekara 18 da 19, ɗaya ya gwada kiran ɗakin kula ta oba-oba bai samu shiga ba, saƙon bai kai inda za a ɗauki mataki ba. Bindiga ba za ta gyara komai a wannan dare ba. Abin da aka rasa shi ne horo, da hanyar isar da saƙo, da ƙarfin gwiwar ƙaramin ma'aikaci ya ce a tsaya. A 2025 Birtaniya ta yi doka ta musamman da ta ɗora wa masu wuraren taruwar jama'a nauyin shirya wa irin wannan rana.

Mu ma mun ga namu. Cikin mako guda a Disamban 2024 yara 35 suka mutu a turmutsitsi a wani taron yara a Ibadan, mutum 22 a Okija ta Jihar Anambara, 10 a Maitama ta Abuja, duk a wuraren rabon abinci ko kyauta. A irin waɗannan wurare rai yana rataye ne a kan abubuwan da ake rainawa: ƙofa nawa aka buɗe, yaushe aka buɗe, wa ke da makullin ƙofar baya, wa zai ce an cika a dakata. Mai gadin da aka ba shi bulala kawai zai yi abin da bulala ke yi, ya zabga wa na gaba, na gaba su ja da baya, na baya su turo, na tsakiya su faɗi. Haka nan mai gadin asibitin da ya tsayar da mai jini a jika yana tambayar takardar 'yan sanda, alhali tun 2017 akwai dokar da ta wajabta karɓar wanda aka harba ba tare da ita ba, ta kuma ɗora wa kowa nauyin taimaka masa ya isa asibiti. Nauyin kulawar nan ya haɗa har da ɓarawon da aka kama. Tun daga lokacin da ya shiga hannu ransa amana ne, kuma babban gwajin mai gadi shi ne ya iya tsayawa tsakaninsa da taron da ke neman taya da fetur.

Da na auna duka, ban ga hikimar sakin bindiga ga kamfanonin gadi a halin da ake ciki ba. Wanda ba a koya masa inda kulki ke tsayawa ba, bai kamata a ɗora masa abin da kuskurensa ba ya gyaruwa ba. Amma ƙin ba da bindiga ba ya wanke kowa daga tambayar da masu neman ta suka yi. Inda barazanar ta 'yan bindiga ce, kamar makarantar kwana a bakin daji, gwamnati ce za ta kai jami'anta masu makami, ko a ɗauke ɗakunan kwanan zuwa cikin gari. Ajiye dattijo ɗaya a ƙofa a ce wa iyaye akwai tsaro yaudara ce, kuma zalunci ne ga dattijon. Idan wata rana za a buɗe kafa, to ta zama 'yar siririya, ga ayyuka ƙididdigaggu kamar dakon kuɗi, bindigar tana kwana a rumbun da hukuma ke ƙirgawa, kamfanin kuma yana da inshorar da za ta biya diyya ba sai an kai ruwa rana ba.

Kafin nan akwai aikin da ba ya jiran Majalisa. Sibil Difens tana da ikon ɗora sharuɗɗa a kan lasisi. Ta wajabta wa kowane kamfani ƙa'idar amfani da ƙarfi da ba ta wuce shafi ɗaya ba, cikin harshen da ma'aikacin ke ji, a karanta masa in ba ya karatu: fara da magana, kira taimako, kada ka bugi kai ko wuya, kada ka danne ƙirji ko bayan wanda ke ƙasa, kada ka bi wanda ya gudu ya bar kaya, wanda ya ji rauni a kai shi asibiti kafin caji ofis. Duk ranar da aka taɓa jikin mutum a rubuta, rahoton ya isa hukuma. Idan aka yi ɓarna kamfani da wanda ya ɗauko shi su amsa tare da ma'aikacin, domin a yanzu da zarar abu ya faru sai a ce an kore shi, a kawo wani gobe da kakin da aka cire masa. Shi ma a biya masa kason da Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta wajabta, kashi ɗaya cikin ɗari na albashi, domin in ya rasa ido ko rai iyalinsa su samu abin kamawa.

Mafi yawan masu gadinmu ma ba su taɓa shiga ofishin kamfani ba. Mai gida ne ya ɗauko mutum daga ƙauye, ko Buzu daga Nijar, ko tsohon soja, aka yi ciniki da baki, aka nuna masa ɗan ɗakin da ke jikin get. Dokar 1986 ba ta san da zamansu ba, alhali su ne ke kwana a ƙofofin Kano da Kaduna da Sakkwato. Waɗannan mai unguwa da baturen 'yan sandan yanki za su iya tara su, a rubuta sunayensu da gidajen da suke tsaro, a ba kowa lambar da zai kira a ɗauka da ƙarfe biyun dare, a zaunar da su yini guda a yi musu bayanin iyakar hannunsu da Hausa ko Fulatanci ko Buzanci. Masu gidajen su ma a kira su zaman, domin yawancin umarnin "in ka kama shi ka karya masa ƙafa" daga bakinsu yake fitowa.